Hular Ƙoda da Masu Ciwon Fata: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Akwai waɗansu cututtukan fata waɗanda ba ƙwayar cuta ke kawo su ba, ba kuwa ƙazanta ko sammu ba. Jikin mutum ne da kansa ya ke juyowa ya yaƙi fatarsa. Masu irin wannan ciwo ba su kai masu ƙazwa ko makero yawa ba, amma da wuya a sami gundumar da babu su, kuma sau da yawa maganarsu ta kan iso zauren Hakimi kafin ta isa asibiti. Ko an ce a raba aure, ko an hana yaro zama cikin 'yan'uwansa a makaranta, ko maƙwabta sun tashi sun ce kuturta ce. An rubuta wannan takarda ne don a bayyana wani abu guda da ya shafi ran waɗannan mutane, wanda ba a ganinsa a fata, watau yawan wani sinadari da ke fitowa daga wata 'yar tsoka a bisa ƙoda. In ya ragu ƙwarai, mutumin da jiya ya je kasuwa da ƙafarsa, yau sai a ɗauko shi ranga-ranga.

A cikin jinin ko wane mutum akwai dakaru masu tsaro, su ne a ke kira garkuwar jiki. Aikinsu su gane baƙo su kashe shi. Wani lokaci su kan ruɗe, su ɗauki ɗan gida a matsayin baƙo. In suka faɗa wa ƙwayoyin da ke ba fata launi, sai wurin ya yi fari fat kamar nono. Likitoci suna ce da wannan bitiligo, mutanenmu kuwa su kan haɗa shi da waɗansu su ce albaras. In suka faɗa wa saiwar gashi, sai gashi ya zube ya bar fili kamar kwabo a ka ko a gemu. In abin da ke manne ƙwayoyin fata da juna suka faɗa wa, sai fata ta yi ta bororo tana saluɓewa kamar ƙunar ruwan zafi, har cikin baki. Shi ne famfigus, shi ne kuwa mafi haɗari a cikinsu. Akwai lufus, wanda ya fi kama mata masu ƙuruciya, ya ɓata fuska da kunnuwa da fatar kai, wani lokaci ya shiga gaɓoɓi da ƙoda. Akwai kuma soriyasis, mai sa fata ta yi kauri tana ɓamɓarowa fari-fari a gwiwa da gwiwar hannu. Ko ɗaya daga cikinsu ba a ɗaukarsa ta gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko kwana ɗaki ɗaya.

Hular ƙoda da aikinta

Ko wace ƙoda tana da wata 'yar tsoka rawaya zaune a kanta kamar hula, nauyinta bai wuce kamar giram 5 ba. Likitoci suna kiranta adirinal, mu kuwa a nan za mu ce hular ƙoda. Maƙwabtaka kaɗai ta haɗa ta da ƙoda, babu ruwanta da yin fitsari. Aikinta ta haɗa waɗansu sinadarai ta zuba su kai tsaye cikin jini, su zaga jiki su ba sauran sassa umurni. Irin wannan sinadari shi a ke kira homon, watau ɗan aike.

Tsakiyarta ke yin adirinalin, wanda ke sa zuciya ta yi ta dukan uku-uku in mutum ya razana. Ba shi ne abin maganarmu ba. Ɓawonta na waje shi ke yin guda uku da suka shafe mu. Akwai aldosteron, mai riƙe gishiri da ruwa a jiki. Akwai wanda a ke rubutawa DHEA, dangin sinadaran balaga ne, ya kan yi yawa a ƙuruciya ya yi ta raguwa da tsufa. Babbansu shi ne kotisol. Kotisol ke riƙe ƙarfin bugun jini kada ya faɗi, shi ke hana sukarin jini ƙarewa in mutum ya daɗe bai ci abinci ba, shi ne kuma ke tsawata wa dakarun jiki in sun wuce gona da iri. In zazzaɓi ya zo, ko rauni, ko haihuwa, ko aikin likita na fiɗa, jiki ya kan ninka shi sau da yawa nan take. In babu wannan ƙari, ƙaramin ciwo ma ya isa ya kayar da ƙato.

Hular ƙoda ba ta yin aiki da ra'ayin kanta. Tsarin ya yi kama da wanda Hakimai suka sani. Umurni daga ƙwaƙwalwa ya ke fitowa, ya sauka ga wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake da ke ƙarƙashinta, mai suna fituwitari. Ita kuma ta tura nata ɗan aiken, ACTH, zuwa ga hular ƙoda, ya ce a yi kotisol. Kotisol ɗin da aka yi ya zaga ya komo ƙwaƙwalwa, shi ne rahoton cewa an cika umurni. In ta ga ya isa sai ta rage aike, in ta ga ya kasa sai ta ƙara. A riƙe wannan da kyau, gama kusan dukan abin da zai biyo baya a kansa ya rataya. Har wa yau, yawan kotisol ba ɗaya ba ne dare da rana. Ya kan fara hawa kafin asuba, ya kai ƙololuwa wajen tashi daga barci, sa'an nan ya yi ta sauka har tsakar dare.

Hanya ta farko: in yaƙin ya kai ga hular kanta

A shekarar 1855 wani likita na asibitin Guy's a Landan, Thomas Addison, ya buga ɗan littafi a kan mutum 11. Sun yi fama da kasala mai tsanani da rama, fatarsu ta yi duhu, da suka mutu aka duba sai aka tarar hular ƙodarsu ta lalace. Shida daga cikinsu tarin fuka ne ya cinye ta. Cikin waɗanda ya kwatanta har da wanda duhun fatarsa ke gauraye da fararen wurare. Da shekara ta kewayo, a 1856, Brown-Séquard a Faris ya cire wa dabbobi wannan tsoka, bai daɗe ba suka mutu, aka tabbata ba a rayuwa sai da ita. Har yau ciwon Addison a ke kiran wannan cuta.

Dalilin duhun fatar abin sha'awa ne. Da hula ta kasa, ƙwaƙwalwa ba ta samun rahoto, sai ta yi ta tura ACTH babu ƙaƙƙautawa. Shi kuwa ACTH tushensa ɗaya da sinadarin da ke ta da ƙwayoyin launi, in ya yi yawa sai shi ma ya ta da su. Ga Bature abin a fili ya ke. Ga baƙar fata kuwa sai an lura, shi ya sa a kan daɗe ba a gane ba. Wuraren dubawa su ne zanen tafin hannu, da dasashi, da harshe, da cikin kumatu, da gaɓoɓin yatsu, da sabon tabon rauni. Sau da yawa uwa ko mata ita ke fara cewa wane ya yi baƙi ba kamar da ba, maganarta kuwa abin saurare ce.

A ƙasashen Turai mutum 100 zuwa 140 cikin miliyan ke da ciwon Addison, kuma takwas ko tara cikin goma garkuwar jikinsu ce ta lalata hular. A shekarar 1992 masu bincike a Uppsala ta ƙasar Suwidin suka gano ainihin abin da dakarun ke kai wa hari a cikinta, kuma ana iya ganin alamar harin a jini shekaru kafin mutum ya kwanta. A ƙasashenmu na Afirka tarin fuka bai daina cin hular ƙoda ba, sabo da haka likita a nan ya kan fara neman tari tukuna.

To, ina haɗin wannan da fata? Gidan da garkuwar jiki ta saba ruɗewa, ba ta cika tsayawa wuri ɗaya ba. Mutum guda ya kan sami bitiligo, da ciwon tsokar maƙogwaro wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo, da ciwon sukari irin na yara, da ciwon Addison, ko kuwa a rarraba su tsakanin 'yan'uwa. Amma a duba lissafin ta fuska biyu. Cikin masu ciwon Addison irin na garkuwa, kamar ɗaya cikin goma yana da bitiligo. Cikin masu bitiligo kuwa, waɗanda su kan kai kusan ɗaya cikin ɗari na mutane, masu ciwon Addison ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ciwon tsokar maƙogwaro ya fi shi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba. Don haka ba daidai ba ne a tsorata duk mai farin tabo, ko a sa shi kashe kuɗi wajen awon kotisol alhali yana cin tuwonsa yana noma gonarsa. Wanda za a gaggauta turawa shi ne mai farin tabo wanda kuma ya ke ramewa, abinci ya fita ransa, zuciyarsa na tashi, jiri na ɗibarsa in ya miƙe tsaye, yana kwaɗayin gishiri har ya riƙa lasa, sauran fatarsa kuma tana ƙara duhu.

In an gane shi, maganinsa a mayar wa jiki abin da ya rasa: ƙwayar haidirokotizon, miligiram 15 zuwa 25 a yini, a raba biyu ko uku, mafi yawa da safe, tare da wata ƙwaya mai tsaya wa aldosteron. Sha ne na muddin rai. John Kennedy, wanda ya shugabanci Amurka daga 1961 zuwa 1963, tun 1947 aka gano yana da wannan ciwo, bai kuwa hana shi hawa mulki ba.

Hanya ta biyu: in magani ya kwantar da ita

Wannan hanya ita ce mafi yawa, ita ce kuma za ku fi gamuwa da ita.

Tun wajen 1930 masana biyu, Edward Kendall na asibitin Mayo a Amurka da Tadeus Reichstein a Suwizalan, suka yi ta tace sinadaran ɓawon hular ƙoda ɗaya bayan ɗaya. A watan Satumba na 1948 abokin aikin Kendall, likita Philip Hench, ya sa aka yi wa wata mace da ciwon gaɓoɓi ya kwantar allurar ɗaya daga cikinsu, kotizon. Cikin 'yan kwanaki ta tashi ta yi tafiya. A 1950 aka ba su ukun kyautar Nobel. A 1952 likitocin fata biyu a birnin New York, Sulzberger da Witten, suka nuna haidirokotizon yana aiki in an shafa shi a fata. A 1955 firedinisolon ya fito, daga baya deksametazon da sauransu. Dukansu kotisol ne na ƙira, sai dai an ƙara musu ƙarfi. Jimlarsu a ke kira siteroyid.

Kada wani ya raina wannan magani. Kafin zuwansa, kamar uku cikin huɗu na masu famfigus mutuwa su ke yi, yawanci cikin shekara ɗaya ko biyu. Yanzu waɗanda ya ke kashewa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Masu lufus ma da yawa da shi su ke raye. Amma ga inda gizo ke saƙar. Abin da jikin babban mutum ke yi wa kansa a yini bai wuce kwatankwacin miligiram 5 na firedinisolon ba. Mai famfigus kuwa a kan fara masa da kamar miligiram 1 ga ko wane kilo na nauyinsa, watau mai kilo 60 zai sha miligiram 60, ninki 12 ke nan. Ƙwaƙwalwa ba ta bambanta na gida da na kanti. Da ta ga jini ya cika, sai ta ɗauka umurni ya wuce cika, ta daina aike. Hular ƙoda ta zauna babu aiki, ta yi ta motsewa. Kamar manomin da aka ɗauke wa noma ne, ana kawo masa hatsi ƙofar gida ko wace safiya. In aka shekara haka, ran da mai kawowa ya fasa zuwa, gona ta zama saura, fartanya ta yi tsatsa, rumbu kuwa wayam.

Shan kwana biyar ko bakwai ba ya cika jawo wannan. Amma wanda ya wuce mako uku ko huɗu yana shan fiye da abin da jiki ke yi, sai a ɗauka hularsa ta kwanta har sai an tabbatar da akasin haka. Farfaɗowarta ta kan ɗauki makonni, ko watanni, wani ma har ya wuce shekara. Tun 1952 aka san haɗarin, sa'ad da likitoci a Amurka suka ba da labarin wani mutum mai ciwon gaɓoɓi da ya yi wata takwas yana shan kotizon. Aka tsai da maganin gab da za a yi masa aiki a ƙugu, aikin ya yi kyau, amma jininsa ya faɗi ya mutu. Da aka duba, hular ƙodarsa ta shanye.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne irin wannan majinyaci ba ya kama da mai rashi. Fatarsa ba ta duhu kamar ta mai ciwon Addison, tun da ACTH ɗinsa ƙasa ya ke. Ga shi ma ya yi ƙiba, fuska ta yi kewaye kamar wata, kitse ya taru a doron wuya da tumbi, hannuwa da ƙafafu kuwa sun sirance, ga nankarwa mai faɗi a ciki da cinya. Wannan ita ce kamar da likita Harvey Cushing ya kwatanta a 1932 ga masu kotisol fiye da kima. 'Yan'uwa su kan yi murna su ce ya murmure. Alhali jikinsa cike ya ke da na aro, nasa na kansa babu.

Yadda maganin ke yankewa a ƙauyukanmu sananne ne. Kuɗi ya ƙare. Ko damina ta cinye hanya, ranar komawa asibiti ta wuce. Ko an ga fata ta yi sumul an ce an warke. Ko wani dattijo ya ce a ajiye na asibiti tukuna a gwada jiƙo. Ko kuwa majinyacin yana sha, amma amai ya kama shi, ƙwayar ba ta zama a ciki. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai kasala, ciwon jiki, amai, gudawa, ciwon ciki, sa'an nan jini ya faɗi, hankali ya gushe. Mai kallo zai rantse zazzaɓin cizon sauro ne ko kwalara, kuma sau da yawa akwai zazzaɓin da gaske, shi ne ma ya ta da abin. Maganinsa allurar haidirokotizon miligiram 100 nan take da ƙarin ruwa ta jijiya. Allurar ba ta da tsada. Abin da ke kashe mutane shi ne ba wanda ya gaya wa ma'aikacin asibiti cewa majinyacin ya daɗe yana shan siteroyid. Ga mai soriyasis kuma akwai ƙarin haɗari: in ya sha siteroyid ya bari farat ɗaya, ciwon ya kan dawo da ƙuraje masu mugunya ko'ina a jiki, shi ya sa likitocin fata ba su son ba shi na sha.

Man shafawa ma ba a bar shi a baya ba. Mafi ƙarfinsu, kulobetasol, ƙa'idarsa kada babba ya wuce giram 50 a mako, kuma an ga giram 2 a yini ya fara rage kotisol ɗin waɗansu. Yara sun fi shiga haɗari, haka kuma wanda fatarsa ta saluɓe, ko mai shafawa a jiki duka. Mai bitiligo ko mai zubar gashi da aka rubuta wa mai na wata biyu, in ya ci gaba da saye a kanti har shekara biyu ba tare da komawa wurin likita ba, ya shiga wannan sahu. Haka matan da ke shafa man bilicin, gama da yawa daga cikin irin waɗannan mayuka siteroyid ne a ciki, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Haka masu shan ƙwayoyin ƙiba da a ke kira sha-ka-fashe, waɗanda a kan sami deksametazon a cikinsu. Deksametazon kuwa abin da bai kai miligiram 1 ba ya yi daidai da miligiram 5 na firedinisolon. In Hakimi zai yi wa jama'a gargaɗi a kan waɗannan, to, ya haɗa da cewa wadda ta daɗe a kai kada ta watsar rana ɗaya, ta je asibiti a rage mata sannu a hankali.

Akwai kuma rifamfisin, maganin tarin fuka da kuturta. Shi ya kan sa hanta ta gaggauta narkar da siteroyid, sai abin da ya ishi mutum da ya kasa. Duk mai shan su biyun lalle ko wane likitan ya san da maganin ɗayan.

Ƙaramin bambancin da masu bincike ke gani

Ban da waɗannan hanyoyi biyu, masu ciwon fata da yawa su kan ce ciwonsu ya kan tashi ne bayan rasuwa, ko ɓacin rai, ko bashi. Masana sun bi wannan magana. A 2005 likitoci a Manchester ta Ingila suka sa masu soriyasis cikin wani gwaji mai ta da hankali, suka auna kotisol ɗinsu. Waɗanda suka ce damuwa ke ta da ciwonsu, kotisol ɗinsu ya fi na sauran ƙasa. Watau mai tsawata wa dakarun bai ɗaga murya yadda ya kamata ba a lokacin da a ke bukata. Mata masu lufus kuma an daɗe da sanin DHEA ɗinsu ya kan yi ƙasa, har aka gwada ba su shi a matsayin magani, amma amfanin da aka gani bai kai hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don lufus ba. An kuma gano fata ita kanta tana yin ɗan kotisol nata.

Waɗannan duk gaskiya ne, amma bambancin ƙarami ne, sai an tara mutane da yawa a ke ganinsa, kuma yawancin masu soriyasis da bitiligo da zubar gashi hular ƙodarsu lafiya lau ta ke. Wanda ya ce wa mai ciwon fata wai hular ƙodarsa ta gaji, ya sayi wani haɗi don ƙarfafa ta, kasuwarsa ya ke ci.

Yadda a ke awon

Tun da kotisol na hawa da sauka, lokacin ɗibar jini shi ne rabin awon. Da safe a ke ɗiba, wajen ƙarfe 8 zuwa 9. Na yamma ya kan fito ƙasa ko ga mai lafiya, ya tsorata mutum a banza. Mai shan firedinisolon sai ya yi awa 24 rabonsa da ƙwaya, bisa umurnin likita, don na'ura ta kan ƙidaya maganin tare da na jiki. Mace mai ciki da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa nasu ya kan fito sama da gaskiyarsa, sai a faɗa tun da wuri. Ma'aikacin dare mai barcin rana shi ma ya faɗa.

Ga wanda a ke rage wa magani, ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin homon na Turai da Amurka suka fitar tare a 2024 ita ce: in awon safe ya wuce nanomol 300 a lita, hula ta farka, ana iya tsai da magani. In bai kai 150 ba, tana barci, a ci gaba a sake awo bayan 'yan watanni. In yana tsakani, a ci gaba a sake nan gaba kaɗan. In da shakka, akwai gwajin da a ke yi wa mutum allurar ACTH na ƙira, a ɗibi jini bayan minti 30 ko 60, a ga ko hular ta amsa kira. Awon ACTH na jikin mutum kuma shi ke raba gardama tsakanin hanyoyin nan biyu: ga mai ciwon Addison ya kan yi sama ƙwarai, ga wanda magani ya kwantar wa da hula ba ya hawa. Irin waɗannan awo sai manyan asibitoci, kamar asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Inda babu awo, likita ya kan rage magani kaɗan-kaɗan yana duban majinyaci, ya fi yin sannu in an sauko wajen miligiram 5, gama nan ne a ke jiran hula ta karɓi aikinta.

Likitoci kuma suna neman hanyar rage dogaro da siteroyid. A 2017 aka buga wani gwaji da aka yi a Faransa a kan masu famfigus 90. Waɗanda aka ba wani magani mai suna ritukzimab tare da siteroyid na ɗan lokaci, kashi 89 cikin ɗari sun sami lafiya har sun bar shan magani bayan shekara biyu. Waɗanda aka ba siteroyid kaɗai, kashi 34. Sai dai yana da tsada, ba ko'ina a ke samunsa ba.

Abin da ya rage ga Hakimi da malaminsa

Ba aikin Hakimi ba ne ya ce a ƙara ƙwaya ko a rage. Amma in an kawo ƙarar mai farin tabo, abu na farko a raba shi da kuturta. Tabon kuturta ba ya yin fari fat, ɗan haske ya ke yi ko ja-ja, kuma in an rufe wa mutum ido an shafa masa auduga a wurin ba ya ji. Tabon bitiligo fari ne sol, yana kuwa jin taɓi sarai. Mutanen bakin rafi kuma su kan sami dabbare-dabbare a ƙwauri daga ciwon nan mai makantarwa da ƙudan rafi ke kawowa. Hukuncin ƙarshe na ma'aikacin lafiya ne, amma wannan ya isa a dakatar da masu gaggawar korar mutum.

Dagatai da masu unguwa su san waɗanda ke shan siteroyid na dogon lokaci a garuruwansu, musamman inda hanya ke yankewa da damina, a ga sun tanadi na wata guda ko biyu kafin ruwa ya sauka. Likita ya kan umurci irin waɗannan su ƙara yawan ƙwaya in zazzaɓi ya kama su, sai a tabbata wani a gidan ya san nawa aka ce. In amai ya hana ƙwaya zama, kada a jira gari ya waye. Wanda hularsa ba ta aiki kuma ya ke so ya yi azumin watan Ramadan, ya ga likitansa tun cikin Sha'aban, gama ƙishirwa da jinkirin magani suna iya kayar da shi, wani a kan canza masa lokacin sha, wani kuwa a hana shi.

Malamin Hakimi zai yi babban taimako da ɗan katin da ba zai ci masa minti biyar ba. Ya rubuta sunan majinyaci, da sunan maganin kamar yadda ya ke a jikin kwali, da miligiram nawa a yini, da watan da aka fara, da asibitin da ya rubuta, sa'an nan a ƙasa da manyan baƙaƙe: KADA A TSAI DA WANNAN MAGANI FARAT ƊAYA. Majinyaci ya riƙa yawo da shi a aljihu, mace ta ƙulle a bakin zane. In kuwa takardar turawa asibiti a ke rubutawa, a ƙara da ranar da ya sha ƙwaya ta ƙarshe, a tambayi matan gidan abin da ya ke shafawa da abin da ya ke saya a kasuwa, a tattara kwalaye da kwalabe da bututun mai, har waɗanda suka ƙare, a ɗaure a ba mai rakiya ya tafi da su.